Ranar da Babur ɗin Baba Ya Tashi

"Ni dai yau zan gaya masa gaskiya."

Saura kaɗan tsumman da nake goge tanki da shi ya suɓuce mini. Na ɗago na kalli Malam. Yana tsaye a bakin rumfar bayan gidanmu, rigarsa fara tas, sai ka ce ba wurin baƙin mai ya zo ba.

"Wace gaskiyar?"

"Kin sani. Cewa ba ni na gyara babur ɗin nan ba."

"To sannu, sarkin gaskiya," na ce. "Sati shida kana miƙo mini sifana ba ka tuna da gaskiya ba, sai yau da ya rage awa biyu Baba ya dawo? Don Allah Malam, kada ka sa ni kuka da rana tsaka."

Ban rufe baki ba hawayen suka zubo. Haka nake, fushina da kukana tare suke tafiya, abin yana ba ni haushi.

Ya durƙusa nesa kaɗan da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ki saurare ni. Mutumin nan zai zama ubana. Da wane ido zan riƙa kallonsa kullum, alhali na san da ƙarya na shigo gidansa?"

"Idan ka faɗa masa, ba za ka shigo ba ma balle ka kalle shi."

"Ina sonki, kin sani. Amma tun jiya abinci ya ƙi shiga cikina."

"Ni kuma sati shida ke nan ina kankare farce da sabulu da lemun tsami don kada ya ji warin fetur a hannuna. Ka taɓa jin na yi ƙorafi? Yau ɗaya kawai nake roƙonka. Ka taka kik, babur ya tashi, ka yi shiru. Shi ke nan."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin bai kwanta mini ba ko kaɗan.

Babana bakaniken babura ne. Ya fi shekara talatin yana aikin kafin ciwon suga ya tafi da idanunsa. Ni kaɗai ya haifa, mahaifiyata kuma ta rasu ina 'yar shekara bakwai, don haka a gindin babura na girma. Kafin in iya ɗaura ɗankwali na iya wanke fulogi. Yanzu ɗinki nake koyarwa a wata cibiyar mata, amma hannuna bai manta ba.

Malam kuwa lissafi yake koyarwa a sakandaren da ke bayan layinmu. Shekara biyu muna tare. Ranar da ya zo gaishe da Baba, Baba ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, yana shafa tafin da babban yatsansa.

"Wannan hannun bai taɓa gyara komai ba," ya ce.

"Gaskiya ne, Baba."

"To ni ban san yadda ake sanin mutum ba sai a wurin aiki. Akwai tsohon babur ɗina a rumfar baya, shekara goma sha ɗaya yana kwance. Ka tayar da shi, sai mu yi magana."

Da farko na ɗauka wasa ne. Sai Gwaggo, yayar Baba, ta ji labari, ta mayar da shi gaske. Ita dama tana da nata ɗan takarar, wani dillalin motoci da ke aiko mata da gaisuwa a cikin leda. Ta yi ruwa ta yi tsaki har Baba ya yarda cewa idan ƙarshen wata mai zuwa ya yi babur bai tashi ba, mutanen Dillali su zo a saurare su.

Shekarata ashirin da takwas, ba wanda zai ɗaure ni ya kai ni gidan wani. Baba ma ya faɗa da bakinsa: "Ba zan yi miki dole ba, Uwata. Amma wanda ban yarda da shi ba, ba da bakina ba." Kuma ni na san kaina. Ba zan iya tsallake makahon ubana in tafi gidan aure ba tare da ya ce "na ba ka" ba. Idan bai yarda da Malam ba, na rasa Malam ke nan.

Ranar farko Malam ya zo da littafi da biro, yana zana hoton injin. Rana ta biyu ya karya fulogi a cikin raminsa, don ya murɗa shi ta inda ake ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Rana ta uku na tarar ya kwance notuna sun fi arba'in ya zube su a gwangwani ɗaya, na birki da na inji da na salansa, yana murmushi wai ya tsaftace wuri.

Na tsaya ina kallon gwangwanin nan, na ga aurena a ciki.

"Matsa," na ce.

Tun daga ranar na karɓi aikin. Kullum bayan azahar Baba yakan fita, tsohon abokinsa mai faci ya riƙe masa sanda zuwa garejin da ya bar wa yaransa, ya zauna a benci har la'asar. Sai na tsara wa Malam ya riƙa zuwa a wannan tsakanin. Ƙofa a buɗe, matar maƙwabcinmu tana wankinta a tsakar gida, mu kuma muna rumfa.

Ba ƙaramin aiki ba ne. Tanki ya yi tsatsa ta ciki, sai da muka zuba tsakuwa da kananzir, Malam ya yi ta girgiza shi kwana huɗu har kafaɗunsa suka ƙage. Ɓeraye sun cinye wayoyi. Kafireta ta toshe da tsohon fetur da ya koma kamar ƙaro, na jiƙa ta, na bi ramukanta ɗaya bayan ɗaya da siririyar waya. Na canza zoben fistin, na yanka gasket da kwali don toshe yoyon mai, na jiƙa sarƙa a baƙin mai. Shi kuma ya riƙe, ya miƙo, ya je kasuwa da takardar da na rubuta masa, ya dawo da abin da ba shi ba, ya sake komawa.

Ban taɓa jin ya yi tsaki ba. A rumfar nan na ƙara sonsa, ba zan ɓoye ba.

Bayan la'asar Baba ya dawo. Gwaggo ta riga shi zuwa, ta shimfiɗa tabarma a inuwa tana fifita, fuskar nan a murtuke.

"Yau za mu ga ikon Allah," ta ce. "Mai alli zai tayar da gawa."

Malam ya gaishe ta har ƙasa, ta amsa da hanci. Ya turo babur ɗin tsakar gida ya kafe shi. Na kawo wa Baba kujerarsa ta roba, na koma jikin bango na harɗe hannuwa.

"Bismillah," in ji Baba.

Malam ya buɗe fetur yadda na koya masa. Ya taka kik. Shiru.

Ya sake takawa. Injin ya yi tari sau ɗaya ya mutu.

"Ahaf," in ji Gwaggo.

A na uku ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe ta salansa, ƙarar ta cika gidan, kajin maƙwabta suka watse. Can hayaƙin ya lafa, injin ya daidaita, yana bugawa a hankali, tif, tif, tif, irin bugun da nake ji ina ƙarama idan Baba ya shawo kwanar layinmu.

Na kalli Baba. Ya karkatar da kai gefe guda, bakinsa a ɗan buɗe. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin idonsa ya tafi.

"Kashe," ya ce. "Ku kai ni wurinsa."

Na kama hannunsa na ɗora a kan sirdi. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya fara bin babur ɗin da yatsu. Ya taɓa sarƙa, ya danna ta ya ji sakinta, ya gyaɗa kai. Ya ja birki. Ya shafa gefen injin yana neman yoyon mai, ya shinshina yatsansa, bai samu ba.

"Aiki ya yi kyau," ya ce.

Na ɗauka an gama.

Sai hannunsa ya gangara ƙarƙashin tanki, inda tiyon fetur ke shiga kafireta. Nan ya tsaya. Ya shafa wurin sau ɗaya, ya sake shafawa. Ya koma ɗaya bakin tiyon ya shafa. Murmushin da ke fuskarsa ya ɗauke.

Gabana ya faɗi, don a lokacin na tuna. Kowa da maƙalin ƙarfe na kasuwa yake matse tiyo. Ni kuwa da wayar tagulla na ɗaure shi, zagaye uku, na murɗe, na lanƙwashe bakin wayar ya koma ciki. Ban ma yi tunani ba lokacin da nake yi. Hannuna ne kawai ya yi abin da ya saba.

"Malam," in ji Baba, bai ɗago ba.

"Na'am, Baba."

"Wa ya koya maka ɗaurin nan?"

Na zuba wa Malam ido ina girgiza kai. Ka ce a gareji ka gani. Ka ce a littafi. Ka ce komai.

Ya kalle ni, idanunsa sun kaɗa. Sannan ya durƙusa a gaban Baba.

"Ba wanda ya koya mini, Baba. Ba ni na ɗaure ba. Ba ni na gyara babur ɗin nan ba. Na gwada kwana uku na kasa, 'yarka ce ta yi komai. Ni riƙo kawai na yi. Ka yafe mini."

Gwaggo ta miƙe tana tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Ka ji ko? Ka ji da kunnenka? Tun ba a je ko'ina ba sun haɗa kai sun mayar da kai abin wasa a cikin gidanka! Wannan shi ne surukin? Namiji ya ɓuya a bayan mace! Ni dama tun ranar da na ga yaron nan..."

"Yaya," in ji Baba a hankali, "ki ɗan shiga ciki. Malam, kai ma jira a waje."

Gwaggo ta shige tana mita. Malam ya fita kansa a ƙasa. Aka bar ni da Baba da babur, injin yana ɗan ƙas-ƙas yana hucewa.

Ya lalubi kujerarsa ya zauna. Na durƙusa a gabansa, kuka ya ci ƙarfina.

"Baba, ka yi haƙuri. Laifina ne, ba nasa ba. Tun ɗazu yake so ya gaya maka, ni na hana shi."

"Kin san dalilin da nake lanƙwasa bakin wayar nan?"

"A'a."

"Kina shekara biyar kika sa hannu a ƙarƙashin wani babur a gareji, waya ta tsaga miki yatsa. Kika yi ta kuka har kika yi barci a kafaɗata. Tun ranar ban sake barin bakin waya a waje ba. Yaran da na koya wa aiki sun fi ashirin, ba wanda ya ɗauki wannan, sun ce ɓata lokaci ne. Ke kaɗai. Kin ɗauka don idona ya tafi, hannunki ma zan kasa ganewa?"

Na kifa kaina a gwiwarsa.

"Tsoro na ji, Baba. Na ga ba zai iya ba. Na ga wata zai ƙare, Gwaggo ta kawo mutanenta, kai kuma ka ce ba ka yarda da shi ba. Ina sonsa, Baba. Ban taɓa faɗa maka da bakina ba saboda kunya, amma yau na faɗa. Idan ba shi ba, ban san yadda zan yi ba."

"Na san ba zai iya ba."

Na ɗago.

"Yo malamin lissafi ina zai iya tayar da injin da ya shekara goma sha ɗaya a kwance? Ko yarana na gareji sai sun yi gumi. Ni mahaukaci ne?"

"To me ya sa ka ce..."

"Don ya zo ya tambaye ni."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Ya share fuska da hannun riga, ya ci gaba.

"Na ce a raina, yaron nan zai kwance abu ya rasa yadda zai mayar, sai ya zo ya ce, Baba, wannan fa yaya ake yi? Sai in sa a kawo mini kujera rumfa, in zauna, yana yi ina gaya masa. A nan zan ji ko yana da haƙuri, ko yana jin magana, ko yana zagin ƙarfe idan ya ƙi kwantuwa. Kafin babur ya tashi na san wanda zan ba 'yata."

"Baba..."

"Sati na biyu, kwana uku na ƙi fita, na ce ƙafata ke ciwo. Ina zaune a ɗaki ina kasa kunne ko zan ji sallamarsa. Sai kika ce mini aiki ya riƙe shi a makaranta."

Na tuna. Ni na aika masa cewa kada ya zo, Baba yana gida.

"Kina ganin daɗi nake ji a garejin can? Suna gaishe ni, su ba ni benci, su kawo mini ruwa. Inji yana kuka a gabana, ina jin abin da ke damunsa tun daga inda nake, ba mai cewa Baba me ka ji. Shekara huɗu ke nan ba wanda ya tambaye ni komai, Uwata. Ko ke, sai dai ki tambaye ni me zan ci, na sha magani ko ban sha ba."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Ina ta lissafin yadda zan tsallake sharaɗin Baba, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me yake nema a ciki ba. Na ɗauka katanga ya gina wa Malam. Ashe kujera ya ajiye a gefensa yana jiran a zo a zauna, ni kuma na bi ta baya na ɗauke ta.

Na yi kuka har muryata ta dushe. Bai hana ni ba. Hannunsa yana kaina, amma bai ce ya yafe ba.

Can ya ce, "Kira su."

Gwaggo ta fito da saurinta, mayafi a kafaɗa.

"To, sai in aika wa mutanen nan su matso da ranar ko? Tunda magana ta ƙare."

"Kwana nawa ya rage wata ya ƙare?" in ji Baba.

"Tara," ta ce.

"To ranar tana nan inda take. Ban ƙara ba, ban rage ba." Ya juya inda yake jin numfashin Malam. "Kai kuma. Da ka yi mini ƙarya ɗazu, da yanzu kana hanyar gidanku. Ba ka yi ba. Amma sati shida ka yi kana cin gumin 'yata kana shiru, wannan ma ban manta ba."

"Haka ne, Baba."

"Tura shi rumfa. Ka kwance shi."

Malam ya ɗago a firgice. "In kwance... wane ɓangaren?"

"Duka. Har noti na ƙarshe. Sannan ka mayar da shi da hannunka, ya tashi kafin kwana tara. Ina nan zaune, bakina yana aiki. Idan ka ga dama ka yi amfani da shi."

"Wannan ai wasa da hankali ne!" in ji Gwaggo. "Abin da ya gagare shi a sati shida?"

"Idan ya gagare shi, kin samu abin da kike so, Yaya. Me ye na faɗa?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage. Aikina na sati shida, kafiretar da na bi da waya rami-rami, duk za a zube su a ƙasa a hannun mutumin da bai san hagu da dama na noti ba.

"Ke kuma, Uwata." Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, kamar yana ganina. "Za ki iya zama ki kalla. Amma idan kika taɓa ƙarfe ɗaya, ko kika buɗe baki kika gaya masa abu ɗaya, ko da tari ne, maganarsa ta mutu a gidan nan. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Malam ya tura babur ɗin rumfa. Na ɗauki kujerar Baba na kai masa, na zaunar da shi kusa da injin, na koma kan wani tsohon galan a gefe. Malam ya cire farar rigarsa ya rataye a ƙusa, ya durƙusa gaban akwatin kayan aiki.

Ya daɗe yana kallon sifanun. Notin sirdi lamba goma sha biyu ne, na san shi kamar sunana. Na ga yatsunsa sun wuce sifanar goma sha biyu, sun ɗauko ta goma sha huɗu. Idan ya matsa da ita zai cinye kan notin, kuma irinsa ba a samunsa a kasuwa yanzu.

Ya kafa ta a kan notin. Bai kalli Baba ba, ni ya kalla.

Maganar ta taho har bakin haƙorana. Baba yana zaune shiru, ya karkatar da kunne, yana jira.

Na cusa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinyoyina, na zauna a kansu, na kawar da kaina.